Gidan Ƙadangare

Shafi na 17

Masu aiko min da "wai kin manta da mu ne?" tun jiya, ban manta ba. Sau uku ina fara shafin nan ina ajiyewa. Wanda yau ya tarar da mu, ga inda muka kwana: Umma tela ce. Ɗanta Auta ya rasu kwana hamsin da biyu ke nan, yana da shekara tara. Saura ita da babbar 'yarta da kowa ke kira Yaya, sai Abbansu, direban babbar mota, wanda ba ya kwana uku a jere a gida.

*

Ƙarfe huɗu da kwata farin zare ya ƙare wa Umma tana tsakiyar ɗinkin rigunan 'yan makaranta, saura wuya shida ta haɗa. Ta san akwai wani ƙunshi a durowar ɗakin yara, ɗakin da yanzu ba ta shiga sai dole.

Tun daga bakin ƙofa ta ji sautin.

Wani ɗan kiɗa ne siriri mai sanyi, kamar ruwa na ɗiga a kwano. Shekara biyu tana jin sa daga bayan kujera, tana ɗaga murya a kashe mata shi. Rabon da ta ji shi tun a asibiti.

Sai da ta dafa bango kafin ta tura ƙofar.

Yaya ce zaune a ƙasa, ta jingina da gadon da aka ɗauke katifarsa. A hannunta tsohuwar wayar Abba ce mai tsagaggen gilashi, wadda Auta ya gada yake wasa da ita. Wayar da Umma ta naɗe a zani ta tura can ƙasan durowarta, don ita kaɗai ta rage. Riguna, takalma, jakar makaranta, duk Abba ya kwashe ya bayar tun sati na biyu ba tare da ya tambaye ta ba, wai don kar ta dinga gani tana kuka.

"Ina kika samo wannan?"

Yaya ta zabura.

"Umma..."

"Tambayarki nake yi."

"A durowarki."

"Tun yaushe?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Tun da aka kwashe kayansa."

Umma dai Allah ya ba ta baki. Mai kawo ɗinki ya zo da raini, da tsayuwa ɗaya take sallamar sa.

"Wasa kike yi? Wasa? Ƙaninki ko wata biyu bai cika a ƙasa ba, kika shiga ɗakina kika zaro wayarsa don ki yi wasa? Ke wace irin zuciya ce a ƙirjinki?"

"Ba wasa nake yi ba."

"Ba ni nan!"

Ta kai hannu ta cafke wayar. Yaya, wadda shekararta goma sha biyar ba ta taɓa yi wa uwarta gardama ko a kan cokali ba, ta riƙe gam da hannu biyu.

"Ki dake ni Umma. Wallahi ki dake ni, ba zan kauce ba. Amma kar ki kashe. Saura minti arba'in."

"Minti arba'in a yi me?"

"A rushe gidansa."

Hannun Umma ya tsaya.

"Gidan wa?"

"Gidan Auta."

"Ke Yaya, kanki ɗaya kuwa?"

"Zauna ki gani. Don Allah Umma, sau ɗaya dai ki duba."

Ta zauna, ba don ta yarda ba. Yaya ta matso ta juyo mata fuskar wayar.

Da farko ba ta ga komai ba sai tarkacen launi. Can idonta ya fara rarrabewa. Titi ne, da bishiyoyi masu kusurwa huɗu, da gidaje jere, komai an ɗora shi bulo kan bulo. A ƙarshen titin ga wani gida mai hawa uku, bangonsa ruwan ɗorawa, da wata doguwar matattakala da ta zagaye shi ta waje har saman rufi.

"Gari ne," in ji Yaya. "Yara ne suka gina, su wajen sittin, kowa daga gidansu yake shiga. Kowa da filinsa. Wannan nasa ne. Shekara biyu yana gina shi."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai. Bulo ɗaya-ɗaya."

A bakin ƙofar gidan wani ɗan mutum-mutumi ne tsaye da koriyar hula. A saman kansa an rubuta suna.

"Waye kuma Ƙadangare?"

"Shi ne. Haka suke kiran sa, wai kullum yana manne a bango."

Wata irin dariya ta ƙwace wa Umma, ta juye kuka tun kafin ta gama fita. Ɗanta yana da sunan da ba ta sani ba. Yana da gida. Yana da maƙwabta. Ita kuwa abin da ta sani kawai shi ne wayar tana cin caji tana lalata masa ido.

"To wa zai rushe, kuma me ya yi musu?"

Yaya ta share hanci da bayan hannu.

"Doka ce. Duk wanda ya yi kwana talatin bai shiga ba, sai a share filinsa ya koma ciyawa, a ba wani sabon yaro. A asibiti ya faɗa min. Ya ce, Yaya, in na daɗe a kwance ki dinga leƙa min, ko tsayawa kawai ki yi ki fita."

"Shi ne kike shiga."

"Bayan kwana biyu-biyu. In tsaya a ƙofa in fita. Ban taɓa komai ba."

"To ai kin cika musu dokarsu. Me kuma suke so?"

Nan Yaya ta fashe da kuka sosai.

"Ni na jawo, Umma. Akwai wata dokar, ban san da ita ba. Ba a shiga da sunan wani. Kuma suna da gaisuwa. In ka haɗu da ɗan gari sai ka durƙusa sau biyu ka yi tsalle ɗaya. Ni ban sani ba. Suna zuwa gabana suna durƙusawa, ni ina tsaye ƙiƙam kamar turke. Tun ranar farko suka gane ba shi ba ne. Sun ɗauka an sace masa suna."

Ta taɓa wani wuri, saƙo ya buɗe. Umma ta ƙanƙance ido ba ta gani, tabaraunta na can kan keken ɗinki.

"Karanta min."

"Daga Anti Mai Gadi ne. Malamar makaranta ce, ita ta buɗe garin, ita ke tsaron sa." Yaya ta fara karantawa. "Ta ce: duk wanda ke shiga da sunan Ƙadangare ya yi magana da muryarsa kafin ƙarfe biyar na yau. In ba haka ba zan rufe sunan in share filin. Amanar 'ya'yan mutane ce a hannuna, ba zan bar baƙo yana yawo a cikinsu da fuskar aro ba."

Umma ta so ta ji haushin matar, ta nemi haushin ta rasa. Da ɗanta ne a ciki da ransa, irin wannan mai gadin za ta so.

"Ƙarfe nawa yanzu?"

"Huɗu da rabi ta wuce."

"To ki buɗe baki ki faɗa musu mana. Me kike jira tun ɗazu?"

"Na gwada."

"Kin gwada?"

"Sau huɗu yau. In na danna sai bakina ya ƙi." Ta ɗago jajayen idanu. "Umma, a makaranta marigayi ake cewa. A unguwa marigayi. Ke ko sunansa kin daina kira. A nan ne kaɗai in na shiga ake rubutawa, Ƙadangare ya shigo. In na faɗa musu, shi ke nan, babu sauran inda yake da rai."

Wannan magana ta daki Umma inda ba ta zata ba. Kwana hamsin da biyu tana kukan ɗanta, ko sau ɗaya ba ta tsaya ta tambayi wannan yarinyar yadda take ba. Sunan Yaya ma Auta ne ya laƙa mata tun yana koyon magana, har ya bi ta. Yanzu kowa na kiran ta Yaya, ba ta da ƙanin da za ta yi wa yayar.

Ta jawo kan yarinyar ta kwantar a kafaɗarta.

"Yi haƙuri. Na yi miki mugun baki."

"Ba komai."

"Da komai. Ina ake dannawa?"

"Umma, za ki iya?"

"Ni na haife shi. Ni zan faɗa."

Yaya ta taɓa wata 'yar alama a kusurwa. Nan take ɗakin ya cika da muryoyi, ƙanana, suna hawa kan juna.

"Ga shi nan ya buɗe!"

"Yi magana mana in kai ne!"

"Ɓarawo ne, na faɗa muku!" Wannan muryar yarinya ce, siririya, tana rawa don fushi. "Ƙadangare ba ya wuce ni bai gaishe ni ba. Ka fita ka ba shi sunansa!"

"Balbela ke nan," Yaya ta raɗa. "Ƙawarsa. Gidanta ne na kusa da nasa."

Sai wata babbar murya ta ratso, a nitse, muryar Anti Mai Gadi.

"Ya isa. Kowa ya yi shiru. Mai riƙe da wannan suna, ina sauraron ka. Waye kai?"

Umma ta buɗe baki.

"Ni ce... ni ce mahaifiyarsa."

Anti ta sake tambaya.

"Mahaifiyar Ƙadangare?"

"Mu Auta muke ce masa."

"Sannu 'yar'uwa. Ki yi haƙuri da saƙon da na aiko, aikina ne ya sa. Lafiya dai ko? Ya jikin nasa? Ya faɗa min za a kwantar da shi."

Umma ta danne bakinta da tafin hannu, amma sautin ya riga ya fita. Anti Mai Gadi babba ce, ba ta buƙaci ƙari ba.

"Inna lillahi... Dakata 'yar'uwa, kar ki ce komai tukuna. Yara, kowa ya fita, zan kira iyayenku ɗaya bayan ɗaya."

"Ni ba zan fita ba," in ji Balbela.

"Balbela."

"Ba zan fita ba Anti. Umman Ƙadangare, yaushe zai dawo? Mun fara gada, ya ce kar in ɗora tsakiyar sai ya zo. Na jira, ban ɗora ba."

Yaya ta cusa fuska cikin cinyar uwarta.

Umma ta ɗinka wa yara riguna sun fi dubu, ta san muryar 'yar shekara takwas in ta ji. Ta san kuma ba a yi wa irin wannan muryar ƙarya.

"'Yata, ki ɗora abinki. Ba zai dawo ba. Allah ya karɓi abinsa."

Wani yaro can nesa ya tambaya, "Me ta ce?" Wani ya amsa masa ƙasa-ƙasa. Sai aka ji kukan Balbela, irin kukan da yaro ke yi yana ƙoƙarin kada a ji.

"Wadda take shiga yayarsa ce," Umma ta ci gaba, don in ta tsaya ba za ta iya sake farawa ba. "Shi ya roƙe ta. Ba ta san dokarku ba. Malama, ni ban san kan abin nan ba, ban taɓa dubawa ba sai yau. Amma an kwashe kayansa kaf. Ba ni da rigarsa, ba ni da littafinsa. Abin da hannunsa ya taɓa da ya rage min a duniya, gidan nan ne. Ki dubi Allah kar ki share."

"Wa zai share? Ni?" Muryar Anti ta karye. "Yanzun nan na cire filinsa daga cikin waɗanda za a share. Muddin garin nan yana tsaye, babu mai taɓa filin nan. Ki yafe min. Yarinya, ke ma ki yafe min, na kira ki baƙuwa."

Umma ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Agogon wayar ya nuna biyar saura takwas.

"Umma, duba," in ji Yaya.

Babu yaron da ya fita. Daga kowane lungu na titin 'yan mutum-mutumi ke tahowa, mai jar riga, mai kan kyanwa, mai fukafukai. Suka taru a ƙofar gidan mai ruwan ɗorawa. Suka durƙusa sau ɗaya, suka durƙusa sau biyu. Tsallen ne babu wanda ya yi, a durƙushen suka zauna.

Da uwar da 'yar suka riƙe juna suna kuka, wayar na tsakaninsu.

"Umman Ƙadangare." Balbela ce, tana jan majina. "Kin ga ɗakinki?"

"Ɗakina?"

"Na ƙasa. Ya ce naki ne. Ya ce in an sallame shi zai nuna miki, in kin gama aiki."

Umma ta dubi Yaya. Yaya ta girgiza kai.

"Ban san da wani ɗaki ba. Ban taɓa wuce ƙofa ba."

"Ki biyo ni," in ji Balbela.

Wata farar 'yar mutum-mutumi mai dogayen ƙafafu ta miƙe daga cikin taron ta shige gidan. Yaya ta bi ta. Suka wuce falo, suka wuce wani ɗaki cike da akwatuna. A bayan matattakala Balbela ta ja wani ƙarfe, ƙasa ta buɗe, tsani ya bayyana.

"Ni a nan zan tsaya. Ya ce ba mai shiga sai ke. Ko ni ban taɓa gani ba. Ko Anti."

Yaya ta sauka.

Ɗaki ne ƙarami, fitilu jere a bango. A tsakiya ga wani abu baƙi a kan tebur, da hannu mai lanƙwasa, da ƙafa a ƙasa. Umma ta gane shi tun kafin Yaya ta gane.

"Kekena ne."

Har da kujera a gabansa, ya yi mata abin jingina, ita da kullum take kukan baya a kan kujerarta marar baya. Gefe guda bulo ne masu launi-launi ya jera kamar yadudduka a kantar shago.

Bango mai fuskantar keken kuwa, allon katako ne a kafe, da rubutu layi huɗu.

Yaya ta kau da kai da sauri.

"Rubutu ya bar miki. Naki ne Umma, ba zan karanta ba."

"Ba na gani sosai. Ɗauko min tabarauna a kan keke."

Yaya ta ɗora mata wayar a hannu ta fita da gudu.

Umma ta ce za ta jira. Ba ta iya ba. Ta kawo wayar daf da hancinta, ta ƙanƙance ido, ta ɗora ɗan yatsa a kan rubutun tana bin sa kalma-kalma, yadda ta saba bin littafin awon masu ɗinki.

"Umma, ranar da likita ya kira ki waje..."

Yatsan ya sauka layi na biyu.

"...ba barci nake yi ba. Na ji..."

Ranar nan ta tsaya a bayan ƙofa likita ya faɗa mata abin da ya faɗa, ta wanke fuska, ta koma ciki da murmushi ta ce wa yaron an ce sati ɗaya za a sallame shi. Shi ma ya yi mata murmushi.

Yatsanta ya tsaya cak a kan kalmar. Ya danne. Bai ɗaga ba.

A wasan nan, taɓawa dubawa ce, dannewa kuwa sara ne. Kowane yaro a garin ya san haka tun ranarsa ta farko. Ya san kuma allo in ya fashe, katakon ake tsincewa, rubutun ba ya dawowa. Umma ba ta sani ba. Wa ya taɓa faɗa mata?

Wani ɗan layi ya tsaga allon. Wani ya biyo shi.

Ƙas!

Yaya ta tsaya a bakin ƙofa da tabarau a hannu. Ta san wannan ƙarar.

Daga saman tsani muryar Balbela ta fito a tsorace.

"Me ya fashe? Anti, na ji abu ya fashe a ƙasa."

"Yarinya," in ji Anti Mai Gadi da sauri, "ce wa Ummanki ta ɗaga hannunta. Kar ta sake taɓa komai."

Umma ba ta ji su ba. Ta karɓi tabarau daga hannun Yaya, ta saka, ta gyara masa zama a kan hanci, ta mai da ido kan wayar.

Bango ne fayau. A ƙasansa wani ɗan guntun katako yana juyawa a hankali.

Ta juya wayar gefe, ta dawo da ita. Ta goge gilashin da bakin zaninta. Sannan ta miƙa wa 'yarta.

"Yaya, ya gudu. Dawo min da shi, ban gama karantawa ba."